Tsofaffin jiragen da ke sauka a kan ruwa, da rigimar matuƙan da ke tuƙi kyauta

A watan Oktoba na 2020 wani tsohon jirgin yaƙi da ake kira Miss Pick Up ya sauka a kan tafkin Loch Ness a arewacin Sikotland, ana ɗaukar hoton wani shiri da shi. Da aka zo tashi, injin dama ya ƙi kamawa. Jirgin da aka ƙera a Kanada a 1943, mai fukafukai da faɗinsu ya haura mita 31, sai ya koma kwale-kwale marar filafili, iska na kora shi inda ta ga dama. Masu ceto na ƙungiyar RNLI, waɗanda su kansu aikin sa-kai suke yi, suka ɗaura masa igiya suka ja shi zuwa wani lungu da ruwa ya lafa. Daga nan aka shiga karo-karo ta intanet, aka yi hayar injin ɗaga kaya aka tsamo shi tudu, aka sauya masa inji cikin sanyin Nuwamba, aka mayar da shi ruwa. Sai farkon Disamba ya samu ya tashi ya kama hanyar gida, filin Duxford da ke kusa da Cambridge.

Haka rayuwar waɗannan jirage take a yau. Mai sayar da man jirgi ana biyansa, kamfanin inshora ba ya yafe ko anini, mai kayan gyara sai ya ga kuɗinsa. Wanda aka saba sa ran zai yi aiki don Allah shi ne mutumin da ke riƙe da sitiyari. A kan wannan ne matuƙa suka daɗe suna sa-in-sa a tsakaninsu. Wasu na ganin wanda ya tuƙa irin wannan jirgi kyauta ya yi wa tarihi hidima. Wasu kuwa cewa suke ya zubar da mutuncin sana'a, ya kuma toshe wa ɗan'uwansa hanyar abinci.

Jiragen sama masu sauka a ruwa iri biyu ne. Akwai jirgi na yau da kullum da aka cire wa tayoyi aka ɗaura masa gora biyu a ƙafa, yana iyo a kansu kamar masunci a Argungu. Akwai kuma wanda cikinsa ɗungurungum kwale-kwale ne, an dasa masa fukafukai a sama. Na biyun ne ake magana a kai, kuma Catalina, dangin Miss Pick Up, shi ne sanannensu. Kamfanin Consolidated na Amurka ya fara tashi da shi a 1935, aka ƙera kimanin 3,300. Catalina ne ya hango jirgin ruwan yaƙin Jamus, Bismarck, a Mayu na 1941 bayan ya ɓace wa sojan ruwan Ingila. Da shi kamfanin Qantas ya riƙa ratsa tekun Indiya daga Perth zuwa tafkin Koggala a Siri Lanka tsakanin 1943 da 1945, tafiyar awa 27 zuwa sama da 30 ba sauka, fasinja ya ga fitowar rana sau biyu yana zaune.

Rashin titunan jirgi ne ya haifi irin waɗannan jirage. A 1937 jiragen Imperial Airways na tashi daga Southampton, su sauka a Iskandariya, su bi kogin Nilu zuwa Khartum, su sauka a Kisumu a tafkin Victoria, har Durban. Lokacin yaƙin duniya na biyu sun riƙa sauka a ruwan Legas ma. Yaƙin nan kuma shi ya kashe kasuwarsu, domin ya bar titunan kankare ko'ina a duniya. Kamfanin BOAC, magajin Imperial Airways, ya rufe wannan babi a ƙarshen 1950. Catalinan da suka tsira, aikin kashe gobarar daji ne ya rufa wa yawancinsu asiri, musamman a Kanada da Faransa da Sifen. Waɗanda ke tashi a yau ba su kai a ƙare yatsun hannu da na ƙafa wajen ƙirga su ba.

To mene ne wahalar tuƙinsu, har ake wannan cacar baki?

Da zarar an kwance igiya an tayar da inji, tafiya ta fara ke nan, domin a ruwa babu birki. Catalina ba shi da wata jela a cikin ruwa da za ta karkata shi. Da injinan biyu matuƙi ke juya shi, ya ƙara wa wannan wuta ya rage wa wancan, su kuma injinan a matse suke kusa da juna a bisa fiffike, saboda haka juyin ba ya zuwa da garaje. Sandunan ba da wutar ma a rufin ɗakin tuƙi suke rataye, hannu a sama ake aiki da su. Iska kuwa kullum burinta ta juyo hancin jirgin ya fuskance ta. Idan za a matsa kusa da wurin ɗaurewa, sai wani daga cikin ma'aikata ya jefa buhunan tamfol masu siffar mazurari ta gefe don su riƙe ruwa su rage gudu, wani kuma ya leƙo ta ƙofar hanci da ƙugiya a hannu yana jiran ya cafki igiya, farfela na juyawa a bayansa. In ya kuskure, sai an sake zagayowa, in akwai filin zagayen.

Tashi ya fi wannan ɗaukar hankali. Ana ba da wuta gaba ɗaya, ruwa ya watso ya rufe gilashi, na ɗan lokaci matuƙi ba ya ganin komai. Hanci ya ɗaga, ƙirjin jirgin na ture ruwa kamar garma. A ƙasan cikin akwai wata gaɓa da aka yanke kamar matakala, aikinta ta raba jirgin da tsotson ruwa. Sai ya hau kan wannan gaɓa yake fara sulɓi a saman ruwa har gudu ya kai na tashi. Nan ne ake gane gwani. In hanci ya yi ƙasa da yawa ko ya yi sama da yawa, jirgin sai ya fara sukuwa, ya dunguri ruwa ya ɗago, ya sake dungura, kowace ta fi ta baya ƙarfi. Wanda bai gyara zaman hancin nan take ba, ko ya janye wuta, zai iya farfasa jirgin. Kuma duk wannan da ƙarfin damtse ake yi, babu na'urar da ke taya matuƙi murɗa sitiyari.

Wajen sauka, mai kallo zai zaci ranar da ruwa ya kwanta luf kamar madubi ita ce ranar sauƙi. Ita ce matuƙa suka fi tsoro. Ido ba ya iya auna nisan ruwan da ba ya motsi, mutum na iya ɗaukar yana da sauran mita goma alhali ya isa. Dabarar ita ce a saita hanci, a saita wuta, a bar jirgin na gangarowa sannu a hankali, a ƙi yarda da abin da ido ke faɗa har sai an ji ciki ya taɓa. Ga gungume da ke iyo a ƙarƙashin ruwa, ga igiyar ruwan da wani kwale-kwalen shaƙatawa ya bari. Masu tayoyi kuma, wato waɗanda ke sauka a tudu da ruwa, in aka manta tayoyi a waje aka taɓa ruwa, jirgin kifewa yake. Bayan an sauka akwai yashe ruwan da ya tsattsafo ta bakin ƙusoshi, da wanke gishiri in teku ce. A Yuli na 1998 wani Catalina ya nutse a ruwan Southampton, mutum biyu suka rasu. Masu bincike suka gano tsatsa ce ta cinye wani bututu daga ciki, wanda ke riƙe ƙofar tayar gaba, ƙofar ta karye ruwa ya afko.

Ba a koyon wannan a littafi, kuma hannu yana mantawa in an daɗe ba a yi ba. A Amurka sai mutum ya samu izinin tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya a kan ruwa, sannan ya samu shaida ta musamman a kan shi wannan samfurin, tunda nauyinsa ya haura fam 12,500. Masu ikon yin jarrabawar kaɗan ne. Kamfanin inshora kuma zai tambaya: awa nawa ka yi a cikin irinsa, sau nawa ka sauka a ruwa bara? Babu kujera sai da awoyi, babu awoyi sai da kujera. Saboda tsadar inshora, wasu masu jiragen ba sa barin su taɓa ruwa sam, a tudu suke tashi a tudu suke sauka.

Ga kuma kuɗi. Catalina na shan sama da lita 300 ta man jirgi a awa guda. Injinansa, Pratt & Whitney masu silinda 14 da ƙarfin doki 1,200 kowanne, an daina ƙera su tuntuni, gyaran guda ɗaya dubban daloli ne masu yawa. Kakar aiki 'yan watannin zafi ce kawai, sauran shekara jirgi na cikin rumfa ana kwance shi ana ɗaurawa. Abin da ke shigowa kuwa kuɗin halartar bikin nunin jirage ne, da aikin fim jefi-jefi, da gudunmawar magoya baya. Duk wanda ya duba wannan lissafi zai yarda cewa in aka ce sai an biya kowane matuƙi da kowane makaniki albashi, yawancin jiragen nan gobe za su koma gidan tarihi. Masu kare tuƙin kyauta a nan suke kafa hujjarsu, kuma gaskiyarsu ce.

Inda aka samu matsala shi ne kalmar kyauta ta haɗa mutanen da ba su da alaƙa da juna. Akwai tsohon kyaftin na jirgin fasinja, ya yi ritaya da fanshonsa, ranar Asabar ya zo ya tuƙa Catalina don nishaɗi. Akwai wanda ma shi ke biya, kamar tsarin Miss Pick Up inda masu hannun jari suka haɗa kuɗi suka mallaki jirgin, wasunsu kuma su ne matuƙan. Waɗannan aikin gayya suke yi, an taru an nome gonar da kowa ke da rabo a ciki, ba wanda ya ci gumin wani. Sai kuma matashi mai sabon lasin da bashi a wuya, wanda ke share rumfa yana goge mai a ƙarƙashin inji wata da watanni, da fatan wata rana a ce masa hau kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi. Wannan ya fi kama da yaron mota a tasha, yana wanke tirela yana ɗaura tamfol shekara da shekaru, direba ne kaɗai ya san ranar da zai miƙa masa sitiyari, in zai miƙa.

Mai ƙorafin kuwa yawanci wani ne daban: matuƙin da wannan ce sana'arsa. Shi ake kira in attajiri ya sayi tsohon Grumman Albatross, wani jirgin mai sauka a ruwa, yana so a ƙetare masa teku da shi, ko kamfanin fim na son jirgi ya sauka a wani tafki. Ya kashe shekaru da dukiya kafin ya iya, yana da kuɗin yini da yake caji. Sai ya wayi gari ya ji wani ya ce zai yi aikin in dai za a biya masa masauki da abinci. Daga ranar, mai jirgi ya san farashin kujerar ya faɗi, kuma ba zai manta ba.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ba ta yarda akwai tuƙin kyauta da sauƙi haka ba. Dokarta ta hana mai lasin tuƙin kai, wato wanda ba na aikin haya ba, ɗaukar fasinja ko kaya don a biya shi. Cikin 'yan abubuwan da aka yarje masa akwai su raba kuɗin mai da na haya da fasinjojinsa, shi ma ya biya kasonsa. Lauyoyin hukumar kuma sun daɗe suna fassara cewa awoyin da matuƙi ke rubutawa a littafinsa ba tare da ya biya kuɗin jirgi ba, su ma biya ne. Wato abin da masu ƙorafi ke faɗa a baki, doka ta riga ta rubuta shi: awa kuɗi ce. Dalilin jan layi a kan biya kuwa, masu bin ƙwallo za su tuna shi. Jirgin da ya faɗa teku da ɗan wasa Emiliano Sala a Janairu na 2019, matuƙinsa lasin tuƙin kai gare shi, ba shi da izinin aikin haya, kuma wanda ya shirya tafiyar an ɗaure shi wata 18 a 2021. Wanda ya biya kuɗi ya hau jirgi yana da haƙƙin a ba shi matuƙin da aka tsananta wa jarrabawa.

Wannan fassara ta taɓa juyowa ta ciji masu tsofaffin jirage. A Afrilu na 2021 wata kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta goyi bayan FAA a kan kamfanin Warbird Adventures na Florida, wanda ke koyar da tuƙi a cikin jirgin yaƙi samfurin P-40. Kotun ta ce malamin da aka biya ya koyar, ɗaukar mutum don kuɗi ya yi, abin da aka hana a rukunin da doka ta sa irin wannan tsohon jirgin soja. Nan take dubban masu jirage suka tsinci kansu sai sun nemi takardar izini kafin a koya musu tuƙa abin da suka saya da kuɗinsu. Sai da majalisar dokoki ta sa baki a ƙarshen 2022 aka sassauta wani ɓangare.

Me ya sa awa ta yi tsada haka? A Fabrairu na 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka mutu. Bincike ya fallasa cewa mataimakiyar matuƙin albashinta bai wuce kimanin dala 16,000 a shekara ba. Kyaftin ɗin kuma ya bi ta wata makaranta da ɗalibai ke biyan kuɗi don a zaunar da su a kujerar dama ta jirgin da ke ɗauke da fasinjoji. Daga 2013 Amurka ta wajabta awa 1,500 ga mafi yawan masu son shiga jirgin fasinja. Mai fitowa daga makaranta da awa 250 sai ya nemo sauran duk inda zai samu: koyarwa, jan tallar tuta a bakin teku, ɗaukar masu tsalle da lema. Yunwar awoyi ta daɗa ƙaruwa, masu cin moriyarta ma haka. Wanda ya gama kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ya dawo gida da lasi ba aiki, ana ce masa ya je ya biya wa kansa horon samfurin jirgi tukuna, ya san wannan yunwa ba sai an fassara masa ba. Tsohon jirgi mai sauka a ruwa dai ba wurin tara awoyi ba ne, bai cika tashi ba. Abin da yake bayarwa shi ne suna, da layi ɗaya a takardar neman aiki da zai sa mai tantancewa ya ɗago kai, da sanayya da manyan kyaftin-kyaftin. Su ma ai biya ne.

A gefen dokar ƙwadago, akwai hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1985 a kan gidauniyar Tony da Susan Alamo, wata ƙungiyar addini mai gidajen mai da shaguna. Ma'aikatanta sun shaida da bakinsu cewa ba sa son albashi. Kotun ta ce duk da haka ma'aikata ne, domin in aka bar mutum ya yafe haƙƙinsa a harkar kasuwanci, masu ɗaukar aiki za su riƙa tilasta wa mutane su ce sun yafe, kuma albashin maƙwabta zai zube. Har manyan kamfanoni ba su tsira daga irin wannan taƙaddama ba: a Agusta na 2025 ma'aikatan cikin jirgi na Air Canada kimanin 10,000 suka tafi yajin aiki, cikin manyan buƙatunsu har da a biya su lokacin shigar da fasinja, tunda a lokacin agogon albashi ba ya fara bugawa sai jirgi ya motsa.

Abin da ya fi damuna a lamarin bai shafi aljihu ba. Matuƙin da ke karɓar albashi bisa yarjejeniya, in ya duba ruwa ya ga bai kwanta masa ba, yana iya cewa yau ba tashi, gobe ya dawo aikinsa. Wanda ya samu kujera bisa alfarmar mai jirgi, ga jama'a sun cika bakin tafki, ga masu fim na duba agogo, ga mutum biyar a bayansa da za su hau in ya sauka, bakinsa ya yi nauyi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ƙananan ƙungiyoyi kuma mutum ɗaya kan riƙe ayyuka da yawa. Jirgin B-17 na gidauniyar Collings da ya faɗi a Connecticut a Oktoba na 2019, mutum bakwai suka rasu, ba na ruwa ba ne, amma a ƙarƙashin sassaucin da ake yi wa jiragen tarihi yake ɗaukar fasinja masu biya. Matuƙinsa ƙwararre ne na gaske, sai dai shi ne kuma shugaban sashen gyara, shi ke kiɗa shi ke rawa. Hukumar bincike ta ɗora laifi a kan yadda aka sarrafa jirgin bayan inji ya samu matsala, da raunin gyara, da sakacin sa ido na gidauniyar da na FAA. A Maris na 2020 aka janye wa gidauniyar izinin ɗaukar fasinja.

Saboda haka ni ba na tambayar ko an biya matuƙi. Ina tambayar wa ya ci riba a tafiyar. In ƙungiya ce da ba ta neman riba, kowa ya kawo abin da yake da shi, babu wanda ya isa ya hana kyaftin ya ba da Asabar ɗinsa. In kuwa kamfanin fim ya biya mai dafa abinci da mai gadi da direban bas, ko attajiri zai kai jirginsa wata ƙasa, to wanda ya ce zai tuƙa kyauta, mai kuɗi ya yi wa rangwame, da aljihun abokan sana'arsa. Shi kuma matashin da ke goge mai, a rubuta masa a takarda: kwana kaza a rumfa, awa kaza ta horo, sauka kaza a ruwa. In ba haka ba, 'ya'yan masu hali kaɗai za su iya jiran kujerar.

Akwai abin da masu yabon aikin sa-kai kan tsallake. Ƙwarewar da tsofaffin nan ke bayarwa kyauta a yau, wani ne ya biya aka same ta: sojan ruwa, ko kamfanin kashe gobara da ya riƙa biyansu suna ɗiban ruwa a tafki sau da dama a yini. Tsohon rumbu ake ci. Yanzu in ka cire masu tuƙa jiragen kashe gobara irin su Canadair CL-415 da 'yan tsiraru a wasu wurare, ba kowa ake biya ya sauke cikin jirgi a ruwa kullum ba.

Martin Mars shi ne mafi girman irinsu da ya yi aiki na dogon lokaci, faɗin fukafukansa mita 61, yana kwasar lita 27,000 ta ruwa a ɗiba ɗaya. Kamfanonin katako na British Columbia da ke Kanada suka sayi huɗu daga rarar sojan ruwan Amurka a 1959, biyu suka yi shekaru da dama suna kashe gobara daga tafkin Sproat, da matuƙa masu albashi. Ran 11 ga Agusta 2024 ɗaya daga cikinsu, Hawaii Mars, ya yi tashinsa na ƙarshe, tsohon kyaftin ɗinsa Peter Killin a kan sitiyari, jiragen Snowbirds na sojan saman Kanada na yi masa rakiya, ya sauka a Patricia Bay aka ja shi tudu zuwa gidan tarihi. A Fabrairu na 2025 ɗan'uwansa Philippine Mars ya sauka a wani tafki a Arizona, aka kwance shi aka ɗora a manyan motoci zuwa gidan tarihin Pima da ke Tucson. Daga ranar babu matuƙin da zai sake rubuta awa ɗaya ta Mars a littafinsa, ko da biya ko ba biya.